Afuwa Kafin Gaskiya: Waiwaye Kan Shari'ar Kisan Shugaba Bare

Gabatarwa

A ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999 aka harbe shugaban ƙasar Nijar, Janar Ibrahim Bare Mainasara, a filin jirgin saman Yamai, yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu zuwa Inates. Wasu daga cikin waɗanda ke tare da shi ma sun rasa rayukansu. Yau fiye da shekara 25 ke nan, kuma babu mutum ko ɗaya da ya taɓa tsayawa gaban alƙali a kan wannan jini. Iyalinsa sun kai ƙara, an buɗe bincike, amma kafin binciken ya haifar da komai sai aka rubuta afuwa cikin kundin tsarin mulki, aka kuma hana taɓa ta.

Tun daga lokacin ake ja-in-ja a kan tambaya guda: shin shugaban da ya gaje shi, Kwamanda Dauda Malam Wanke, tare wa shari'a hanya ya yi, ko kuwa ceto ƙasa ya yi daga fitina? Wannan maƙala za ta bi yadda abin ya gudana, ta saurari hujjojin ɓangarorin biyu, sannan ta auna su da ma'aunin da mutanen ƙasar Gobir da Katsina suka gada, daga Cadakori da Tsibiri har Agiye da Gazawa.

Hanyar da ta kai ga 9 ga Afrilu

Ruwa ba ya tsami banza. Bare kansa da bindiga ya hau mulki, ranar 27 ga Janairu 1996, lokacin da rikici tsakanin Shugaba Mahaman Usman da Firaminista Hama Amadu ya tsayar da al'amuran gwamnati cik. Da farko jama'a da dama sun yi ajiyar zuciya. Sai dai a zaɓen 7 da 8 ga Yuli na wannan shekara, ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'a ya rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, ya kafa wata, ya sa aka tsare abokan takararsa huɗu a gidajensu, aka bayyana shi da kashi 52 cikin 100. Daga nan manyan jam'iyyu suka juya masa baya, albashin ma'aikata ya riƙa taruwa ba a biya ba, sojoji suka yi bore a wasu barikoki cikin 1998.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga Fabrairu 1999 shi ne ya ƙarasa dagula ruwa. Alamu sun nuna ƴan adawa ne a gaba, sai aka far wa wuraren tattara sakamako, aka lalata takardu. A farkon Afrilu Kotun Ƙoli ta soke sakamakon wurare masu yawa, ƴan adawa suka nemi shugaban ya yi murabus. Wannan zaɓe bai taɓa haifar da majalisu ba. Garuruwan karkara irin su Cadakori sai a zaɓen 24 ga Yuli 2004 suka sami zaɓaɓɓun kansiloli nasu.

A yinin da aka yi kisan, Firaminista Ibrahim Asan Mayaki ya yi wa ƙasa jawabi, ya kira abin da ya faru mummunan haɗari, ya kuma rusa majalisar dokoki. Bayan kwana biyu, ranar 11 ga Afrilu, sojoji suka bayyana Wanke a matsayin shugaban Majalisar Sasanta Ƴan Ƙasa, da alƙawarin mayar da mulki ga farar hula cikin wata 9. Wanke shi ne kwamandan rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, kuma shaidun da suka yi magana da ƴan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce dakarun wannan runduna ne suka buɗe wuta. An binne Bare a Dumega, garin iyayensa a ƙasar Dogon Dutsi.

Bincike da aya ta 141

A watan Mayu 1999 iyalin mamacin suka shigar da ƙara a Yamai. Tarayyar Turai, wadda ta dakatar da agajinta bayan kisan, ta matsa a yi bincike, haka ma ƙungiyar Amnesty International. Hukuma ta ɗora aikin a kan jandarma. Jandarma kuwa wani reshe ne na rundunonin ƙasa, babban kwamandansu a lokacin shi ne mutumin da ake nuna wa yatsa. Masu iya magana sun ce ba a ba kura ajiyar nama.

Ana cikin haka aka gabatar da sabon kundin tsarin mulki, na Jamhuriya ta Biyar. Aya ta 141 ta yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999, ta kuma umarci majalisar da za a zaɓa ta mayar da afuwar doka a zamanta na farko. Aya ta 136 ta ƙara wa ƙofar sakata: ta jera abubuwan da ba za a taɓa yi wa gyara ba, a cikinsu har da aya ta 36 mai ƙayyade wa'adin shugaban ƙasa zuwa biyu, da ita aya ta 141. An yi ƙuri'ar raba gardama ranar 18 ga Yuli 1999, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka amince, aka ƙaddamar da kundin ranar 9 ga Agusta. Da wannan hujja aka rufe ƙarar iyalin. A watan Janairu 2000 sabuwar majalisa ta kafa dokar afuwa. Jam'iyyar RDP-Jama'a ta magoya bayan Bare, mai kujera 8 cikin 83, ba ta da ƙarfin hanawa.

Yadda ake auna laifin tare wa shari'a hanya

Kafin mu saurari masu gardama, yana da kyau mu san mene ne laifin da ake magana a kai. Ƙasar da ta fi yin suna da irin wannan muhawara ita ce Amurka. A can masana shari'a sukan nemi abu uku: wani aiki da ya hana bincike tafiya, alaƙar aikin da wata shari'a da ke gudana, da kuma mugun nufi. Richard Nixon ya sa an kori mai bincike na musamman Archibald Cox ranar 20 ga Oktoba 1973, amma Kotun Ƙoli ta tilasta masa miƙa kaset-kaset na hirarrakinsa a Yuli 1974, aka ji muryarsa yana shirya yadda za a taka wa bincike birki, ya sauka ranar 9 ga Agusta. A 2019 kuma rahoton Robert Mueller ya jero lokuta wajen 10 da ake zargin Donald Trump ya nemi kawo cikas ga bincike. Bai tuhume shi ba, bai kuma wanke shi ba, ministan shari'a William Barr ya ce hujja ba ta isa ba. A duka biyun, gardama a kan nufi ta tsaya, domin shi ne abu mafi wuyar tabbatarwa.

Abin da ya bambanta lamarin Nijar shi ne babu takardar da aka ɓoye a ɗaki, babu mai binciken da aka kora da dare. A bainar jama'a aka yi komai, da tawada da hatimi da akwatin ƙuri'a. Wannan ne ya sa gardamar ta yi zurfi.

Hujjar masu kare Wanke

Masu kare shi suna da magana mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Na farko, sun ce ya cika alƙawari. An yi zaɓe ranar 17 ga Oktoba da 24 ga Nuwamba 1999, bai tsaya takara ba, ya miƙa mulki ranar 22 ga Disamba ga Mamadu Tanja, mutumin da Maraɗawa suka sani tun yana riƙe da jiharsu daga 1976 zuwa 1979, zamanin Seyni Kunce. Sojan da ya san kurkuku na jiransa a ƙasa ba zai sauko daga bisa ba. Saboda haka afuwa ita ce tsanin da aka jingina masa. In da an ƙi, da wataƙila mulkin soja ya ɗore shekaru, ko kuma bariki ya dare biyu.

Na biyu, sun ce afuwar ba ta nuna bambanci ba, tunda ta haɗa da juyin mulkin da shi Bare ya yi. In bera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karya tsarin mulki a 1996, ya murɗe zaɓe, shi ne ya fara buɗe ƙofar da aka shigo masa ta ita.

Na uku, sun ce ba Wanke ya yi afuwar shi kaɗai ba. Manyan jam'iyyun siyasa sun karɓi kundin, jama'a sun amince da shi, zaɓaɓɓiyar majalisa ta tabbatar. Abin da al'umma ta zartar a matsayin dokar da ke bisa kowace doka ba za a kira shi laifi ba, domin laifi saɓa wa doka ne. Suna ƙarawa da cewa babu kotun da ta taɓa samun Wanke da hannu a kisan, kuma ya rasu ranar 15 ga Satumba 2004 ba tare da an tuhume shi ba.

Hujjar masu zargi

Masu zargi sukan fara da tambayar da har yau ba a amsa ba: in haɗari ne, afuwar me ce ce? Ba a yafe wa mutum abin da bai aikata ba. Sannan su ce a dubi kwanan watan da ke cikin aya ta 141. Sojoji sai ranar 11 ga Afrilu suka bayyana sun karɓi mulki, amma kundin ya ce juyin mulkin 9 ga Afrilu. Wato da bakinta hukuma ta amsa cewa abin da ta kira haɗari da rana tsaka shi ne juyin mulkin kansa.

In aka ɗauko ma'aunin nan mai kai uku, sun ce duka sun cika. Aikin da ya hana bincike shi ne aya ta 141. Alaƙarsa da shari'a a fili take, tunda ƙara tana gaban alƙali tun watan Mayu, afuwa ta zo a Yuli. Nufi kuwa, waɗanda za su ci moriyar afuwar su ne ke riƙe da mulki lokacin da aka rubuta ta. Maganar cewa kotu ba ta same shi da laifi ba, sun ce ai ba hujja ba ce ga wanda ya rufe ƙofar kotun.

Game da amincewar jama'a, sai su tuna mana wace rana ce 18 ga Yuli a ƙasar noma. Tsakiyar damina ce, manomin Cadakori ko Gazawa yana duƙe cikin gero da wake, rumbu ya yi ƙasa, kowace safiya tana da tsada. Waɗanda suka fito jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba. Kundin da Faransanci aka rubuta shi, harshen da mafi yawan mutanen karkara ba sa karantawa. Tambayar kuma guda ɗaya ce, i ko a'a, a kan ayoyi fiye da 140. Wanda ke son soja ya koma bariki dole ya ce i, kuma da wannan i ɗin ya haɗiye afuwa ko bai so ba. An ƙulla goro da tsakuwa cikin ganye guda, aka ce ya karɓa ko ya bari.

Ma'aunin gida

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu san yadda ake yi da jini. A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, mai gari da sarki suna sasanta rikicin gona, na aure, na bashi, na ɓarnar dabbobi, kuma dokar Nijar ta ba su wannan iko. Amma da zarar rai ya salwanta, magana ta fi ƙarfin fada, sai jandarma da alƙali. Gwamnati ce da kanta ta koya wa talaka haka: kada ka rama, kawo ƙara. Mutanen Gidan Rumji sun san abin da ramuwa ke haifarwa, domin a ƙasarsu ne, a Toda, aka kashe makiyaya fiye da 100 a ƙarshen Oktoba 1991, akasarinsu mata da yara. Hukumar da ke neman talaka ya danne zuciyarsa ya jira alƙali, ita ce ya kamata ta fara miƙa wuya gare shi.

Malaman zaure ma suna da abin faɗi. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ake karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, yafe jini haƙƙin magadan mamaci ne, ba na sarki ba. Ko sun yafe kisan ganganci, wanda ya yi kisan sai ya sha bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kisan yaudara kuwa, wanda daga sunansa na Larabci Hausa ta samo kalmar kisan gilla, ba a karɓar afuwa a kansa ko daga magada. Har kisan kuskure akwai diyya da kaffara. A kowanne cikin waɗannan, matakin farko ɗaya ne: a san wanda ya yi. Nijar ba da fiƙihu take hukunta laifukan kisa ba, amma da shi ne jama'arta ke gane adalci. A wannan ma'auni, afuwar 1999 ta yi tuntuɓe sau biyu: wanda ba shi da haƙƙin yafewa ne ya yafe, kuma ya yafe wa wanda ba a ambaci sunansa ba.

Wasu ƙasashe sun yi afuwa, amma da tsari dabam. Gerald Ford ya yafe wa Nixon ranar 8 ga Satumba 1974, bayan duniya ta riga ta ji abin da ke cikin kaset. Afirka ta Kudu, ƙarƙashin hukumar da Desmond Tutu ya jagoranta daga 1996, ta sa sharaɗi: sai mutum ya fito ya faɗi duk abin da ya aikata kafin a duba yafe masa. Ko a nan gida akwai abin koyi. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, kuma Shugaba Ali Saibu ya bayyana gaban taron a kan harbin ɗalibai na 9 ga Fabrairu 1990. Ƙasa ba ta wargaje ba don shugaba ya amsa tambaya.

Abin da ya biyo baya

Alhaki kwikwiyo ne. Sakatar da aka sa wa aya ta 141 ita ce aka sa wa aya ta 36, don haka a 2009, da Tanja ya nemi tazarce, sai ƙasa ta faɗa wani irin ruɗani. Masu kare tsarin mulki sun sami kansu suna kare afuwa tare da wa'adi biyu, shi kuma mai son ƙarin wa'adi ba shi da hanya sai ya ture kundin gaba ɗaya. Ya rusa majalisar dokoki ranar 26 ga Mayu, ya rusa Kotun Tsarin Mulki ranar 29 ga Yuni bayan ta haramta masa ƙuri'ar raba gardama, ya yi ƙuri'arsa ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 Salu Jibo ya kifar da shi. Kundin 2010 kuma, a aya ta 185, ya yi wa waɗanda suka yi wannan juyin mulki afuwa. Abin da aka ce magani ne na rana ɗaya ya zama al'ada.

Da ƙofofin gida suka ƙi buɗuwa, iyalin Bare suka nufi kotun ƙungiyar CEDEAO da ke Abuja a 2013. Ranar 23 ga Oktoba 2015 kotun ta yanke hukunci cewa an keta haƙƙin rayuwar mamacin, an kuma tauye wa iyalinsa haƙƙin samun shari'a. Ta umarci gwamnatin Nijar ta biya miliyan 435 na sefa: miliyan 75 ga matarsa, miliyan 50 ga kowane ɗaya cikin ƴaƴansa 5, miliyan 10 ga kowane ɗaya cikin ƴan'uwansa 11. Wannan kotu ba ta hukunta ɗaiɗaikun mutane, don haka ba ta faɗi wanda ya harba ko wanda ya ba da umarni ba. Nauyin da ta ɗora a kan baitulmali ya faɗa, wato a kan mai biyan haraji, har da manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tun 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar ba ta cikin ƙungiyar.

Maƙwabta sun nuna cewa tsawon lokaci ba ya kashe ƙara. An kashe Thomas Sankara a Burkina Faso ranar 15 ga Oktoba 1987, aka rubuta a takardar mutuwarsa cewa ajali ne na Allah da Annabi. Bayan shekara 34, ranar 6 ga Afrilu 2022, kotun soja a Wagadugu ta yanke wa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Hukuncin bai kai shi kurkuku ba, amma ya gyara abin da za a karantar da yara.

Kammalawa

To, Wanke ya tare wa shari'a hanya ko bai tare ba? In da ma'aunin lauya ne zalla, da wuya a kama shi, domin ya mayar da shingen doka, kuma mamaci ba a tuhumarsa. In da ma'aunin tarihi ne, amsar ba ta da duhu: an shigar da ƙara, mai mulki shi ne abin zargi, a ƙarƙashin mulkinsa aka rubuta ayar da ta kashe ƙarar. Kotun Abuja ta tabbatar da cewa an hana iyalin shari'a. Sai dai adalci ne a ce ba shi kaɗai ke ɗauke da kayan ba. Wata 9 ya yi bisa mulki. Ƴan siyasar da suka zo bayansa, Tanja shekara 10, Mahamadu Isufu shekara 10, sun sami lokacin da babu bindiga a kansu, kuma a zamaninsu ba a kai kowa gaban alƙali a kan lamarin ba.

Gaskiya ne zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma mai yiwuwa a 1999 babu wata hanya ta sauke soja sai da alƙawarin ba za a ɗaure shi ba. Amma hana ɗauri abu ne dabam, hana sani abu ne dabam, aya ta 141 kuwa ta haɗa su ta rufe. Ana iya yafe hukunci a bar bincike ya kai ƙarshe. Har yanzu wannan hanya a buɗe take ga duk gwamnatin da ta so: a fito da rahoton jandarma, a saurari shaidun da suka rage tun suna da rai, a rubuta abin da ya faru a filin jirgin Yamai da sunan kowa da aikinsa. Daga nan magada su ne za su ce sun yafe ko ba su yafe ba, kamar yadda ake yi a kowace fada daga Cadakori har Agiye. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba shugabanni ikon tsayawa gaban alƙali kamar kowa.